Kamun Farko

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara koyon kamun kifi, ni da nake ɗan masunta gaba da baya. Abin kunya ne, na sani. Tun ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana, daga nan ban sake taka kwalekwale ba, har na tsinci kaina a Landan ina ƙirga ƙwayoyi a ɗakin magani.

Baba ne sanadi. Na ɗauko shi daga Yawuri don a duba cikinsa, likitoci suka duba suka ce sai dai haƙuri. Muka dawo da shi gidanmu na Plumstead, ya kwanta a ɗakin da ke kallon wurin ajiye motoci, ya daina cin abinci. Matata ta je har Old Kent Road ta sayo kifin ƙanƙara mai tsada. Ya ce a kawo masa ya gani kafin a dafa. Ya dubi idon kifin, ya kawar da kai.

"Wannan ya shekara da mutuwa," in ji shi. "Ga kogi a bayan gidanku, kuna cin gawa."

Washegari na sayi sandar fatsa.

Kogin nan nasu ba shi da kunya. Sau biyu a rana yake kwashe ruwansa ya tafi teku, ya bar maka taɓo baƙi da tsofaffin tayoyi. Ranar farko a kan taɓon na tarar da shi, na tsaya riƙe da sanda kamar wawa. Wani tsohon Bature da ke zuwa wurin kullum ya tausaya mini. Ya ce idan ruwa na dawowa, wani kifin teku da suke kira bass yana biyo shi, kamanninsa kamar ƙaramin giwan ruwa. Ba a sa masa tana. Jig ake jefa masa, wato ƙugiya mai kan darma da jelar roba.

Na jefa, na nemi dutse na zauna ina jira, yadda na ga ana yi a gida. Roba kuwa ta kwanta a ƙasa ta maƙale. A mako guda na ba kogin nan jig goma sha ɗaya kyauta. Tsohon ya yi ta bayani, kunnena na ji, hannuna ya ƙi ganewa.

Baba ne ya gane, daga kwance. Ya ce in miƙo masa abin. Ya jujjuya shi, ya ja jelar, ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya sa aka ɗaura masa zare, ya sako shi ta gefen gado, yana ɗaga yatsa a hankali yana saki.

"Kifin nan mafarauci ne. Ba ya bin mai lafiya. Ka ɗaga, ka sake shi ya faɗi kamar wanda ƙarfinsa ya ƙare. A faɗuwar zai kama, sakarai."

Na yi mako biyar ina zuwa bayan asuba kafin aiki. Kullum in na dawo hannu rabbana sai in tarar ya ƙara ramewa. Na tsani kogin, na tsani sanyinsa, na tsani kaina da ban koya ba lokacin da malamin ke da ƙafafu.

Wata safiya ana yayyafi, na ɗaga na saki, sai na ji an ƙwanƙwasa zaren sau ɗaya. Na finciko. Da kifin ya fito tsohon ya ɗora shi a kan ma'auni, don doka ta hana ɗaukar ƙanana. Tsawonsa ya wuce ƙa'ida da yatsa biyu. Na sa shi a leda, na yi gida ina sassarfa.

Baba ya buɗe kunnen kifin ya ga ja wur. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Shi ne na farko?"

"Shi ne, Baba."

"To ba namu ba ne. Kamun farkon mai koyo ba a cinsa a gida. Sadaka ne. Kai wa maƙwabta."

Wallahi ban taɓa jin wannan al'ada ba, ko na ji na manta. Raina ya ɓaci.

"Baba, nurse ta ce in ba ku ci komai ba zuwa weekend za a yi admitting ɗinku a asibiti. Don ku na kama shi."

"Ubana bai ci nawa ba. Ni ma ba zan ci naka ba."

Na roƙe shi, na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya rufe ido ya ƙyale ni. Na sauka bene na ƙwanƙwasa ƙofar wata mata mai 'ya'ya uku, na miƙa mata ledar. Tana ta godiya, ni kuwa ko kallonta ban iya yi ba.

Da na hau na nufi famfo, sai na ji muryarsa.

"Kada ka wanke. Zo nan."

Ya kama hannuwana biyu ya kai hancinsa. Ya daɗe yana shaƙar ƙarnin, idonsa a rufe, ina jin numfashinsa a tafina.

"Gobe ka koma," in ji shi. "Na biyun namu ne."

Na koma goben, na koma jibin, ban fasa ko rana ɗaya ba. Kwana tara ya jira ni, na biyun bai zo ba, Allah ya karɓi abinsa.