Matattun Baba Ilyasu Mai Jita

A shekarun da aka tura ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Issawane, can arewacin Mayahi inda gero ke fitowa da kunya, akuya kuma ta fi mushe, wato malamin lakwal, daraja, wannan abu ya same ni. Ni mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara cewa in wata ya yi zazzaɓi inuwar ƙasa ce kawai, a daina buga gwangwani, saboda haka in na ce muku wallahi abin nan ya faru, ku sani ba da son raina nake rantsuwar ba.

A bayan lakwal akwai wani tsoho, Baba Ilyasu, asalinsa daga mutanen arewa masu rawani, amma Hausarsa ta fi tawa gishiri. A zamaninsa mawaƙi ne, ba na kalangu ko gurmi ba, na jitar lantarki, kiɗan nan mai ƙugi da ake kira rok, wanda suka jiyo a kasat suka juye shi da harsunanmu. Da batirin mota suke tada kayansu, tsirkiya in ta tsinke sai wayar birkin keke, kuma babu gidan bikin da ba su girgiza ba daga Tasawa har Maraɗi. Su huɗu ne, shi da Sanda mai ganga, da Ibro mai babbar jita, da Ahmudu amininsa. Duk sun riga shi, ba su bar hoto ba, kasat ɗinsu kuwa rana ta narkar. Kullum in ya idar da salla sai ya kira sunayensu ɗaya ɗaya ya roƙa musu gafara, yakan ce in ya daina ba mai yi.

In na tashi daga aji bayan la'asar sai in je shayi wurinsa, shi yana tsokanata da cewa na karanta duniya a takarda shi kuwa ya taka ta da takalmi. Wata rana ya ɗauko labarin Sanda tun daga fari, yadda ya fara kiɗa da jarkar isansi, man mota ke nan, yadda wani mai gari ya kore su, Sanda ya tafi yana kaɗa masa zambo a bayan jaki, har rasuwarsa. Na yi dariya har da hawaye. Kashegari na ce, Baba, ƙara mini na Sanda, sai ya dube ni ya ce wane Sanda kuma. Na zaci wasa ne. Matarsa, Inna Hawwa, ta ce tun asuba ta ji ya tsallake sunan a addu'a.

To, tsufa ne, haka na ce, haka ma anfirme, ma'aikacin asibitinmu, ya ce da na tambaye shi, kuma da nan abin ya tsaya da ban dame ku ba. Sai dai a makon nan ina tsakiyar rubutu a allo na ji kewar wani mutum ta kama ni, ina ganin wushiryarsa, ina jin warin tabar da yake taunawa, ina jin in'inarsa wadda take ɓacewa da zarar ya riƙe makaɗi. Baba bai taɓa faɗa mini Sanda na in'ina ba. Na tambayi Inna Hawwa, ta aje taɓarya ta ce, Mushe, wa ya gaya maka, mutumin nan ya mutu kana goye.

Na yi ƙoƙarin mayar masa da kayansa. Na zauna na ba shi labarin Sanda kaf, har da abubuwan da shi kaɗai ya gani, ya saurara da ladabi irin na mai masauki, ya yi dariya inda ya kamata, a ƙarshe ya ce lallai wanga abokin naka ɗan duniya ne, Allah ya jiƙan shi. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Na Ibro kuwa ban ma nema ba. Ranar kasuwa muka haɗu a rumfar mai nama, wani saurayi ya wuce da kiɗa a salula, tsoho ya ce wannan ai hannun Ibro ne suka sata, kuma kafin in ce uffan bakinsa ya ɓalle, ni kuma ƙafata ta ƙi tashi. Kafin rana ta faɗi Ibro ya tare a kaina da tarinsa da rowarsa da komai. Wannan karon tsohon ya lura da kansa. Ya ce yana jin kansa kamar gidan da aka kwashe ɗakuna, ya san da mutane a ciki amma bai san ko su wa ba. Sai muka yi yarjejeniya, shi ba zai ambaci Ahmudu a gabana ba, ni kuma na daina zuwa shayi. Na sha rubutu, shi ma ya sha, malamin da ya rubuta mana ya ce bai taɓa jin irinta ba amma a sha ɗin. Muka koma gaisuwa ta kan danga kamar surukai.

Ana haka, da kaka, wata mata ta sauka daga motar Tasawa tana neman gidan Baba Ilyasu. Zainabu sunanta, ungozoma ce a birni, ɗiyar Ahmudu ce, yana mutuwa ana da cikinta. Uwarta ta rasu ba ta taɓa ba ta labarinsa ba sai dai ta ce makaɗi ne, shi ke nan. Ta ce ba gado ta zo nema ba, so take ta san ko ubanta mai dariya ne.

Tsoho ya aiko aka kira ni bakin danga. Idonsa ya yi ja.

"Mushe, shi kaɗai ya rage mini. In na ba ta, da wa zan tashi gobe?"

Na ce, Baba, ka ce mata ba ka da lafiya.

"Ɗiyar Ahmudu zan kora? Da goshinshi fa ta zo." Sai ya ƙara da cewa, "In dai tahiya zai yi, gara ya tahi gidansu. Kai dai ka yi nisa."

Wannan lissafi ya yi mini daidai, kun san mu malamai da son lissafin da ya fita ba saura. In abin mai sauraro yake bi, to ga mai haƙƙi ta zo. Da safe na hau kabu-kabu na tafi Mayahi da sunan karɓo alli, na zauna a tasha ina cin tsire da rana tsaka, tsakanina da su tafiya mai nisa, kunnena bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ina kai tsoka baki sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabonmu da ruwa an jima. Sai ƙugin gurup, injin ba da wuta, sai guɗar mata a wani ƙauye gabas da Urafane da ban taɓa takawa ba, ga Ahmudu ba takalmi a kan danshi yana mini gwalo don na ci gyaran waƙa, ya kai hannu ga tsirkiya, wutar ta riƙe shi. Na ji nauyin kansa a cinyata, na ji ƙaurin yatsunsa. Kuma ba mutuwar kaɗai ba, duk shekarun suka zo, tun muna yara muna kiwo, na ce muna, kun ji ko. Mai tsire ya zaci sarƙewa na yi, ya yi ta dukan bayana.

Da na komo da yamma Zainabu na zaure. Tsoho ya riga ya ba ta labarin, ta gode, ta ce labari ne mai daɗi, amma dai kamar na wani baƙo, ba ta ji komai ya motsa ba, ko laifinta ne. Ni kuwa ina kallon yadda take karkata kai in tana sauraro, har na kusa kiran ta da sunan da ubanta ya ce zai sa mata. Na buɗe baki in ba ta labarin ubanta, na tuna abin da ba da labari ya yi wa tsoho, ban san inda zai faɗa ba in ya bar ni, na rufe. Baba Ilyasu ya fito da butarsa, fuskarsa sakayau kamar ta jariri, ya gaishe ta ya ce mini, Mushe, baƙuwarka ce? A kawo mata ruwa mana.

Ya yi salla a gabanmu, ya ɗaga hannu, bakinsa ya motsa yana neman abin faɗi, ya daɗe a haka, sannan ya shafa.

An yi mini canjin wuri daga baya, shi kuma ya cika a damina ta gaba. Har yau ban san me ya zaɓe ni ba, ni da ko tafi ba na yi daidai. Yanzu furfura ta cika mini kai, kuma yau ne karo na farko da na ba da labarin mutanen nan tun na Sanda da na mayar wa Baba, ina rubutu ina lalubar su ko suna nan. Shawarata, in tsoho ya fara ba ku labarin matattunsa, ku saurara, haƙƙinsa ne, amma kada ku bari ya kai ƙarshe, ku kawo zancen farashin wake. In kuwa cikin makon nan ɗayanku ya ji kewar wani mai wushirya da bai taɓa gani ba, Sanda ne sunansa, a sa shi a addu'a.