Tankari Mai Auna Muryar Tambaya

Duk wanda ya zauna a Xiaobei, unguwar baƙi a ƙasar Sin, ya san Tankari, ko yana so ko ba ya so. Bakano ne, ɗan Ƙofar Mazugal, aikinsa raka baƙin 'yan kasuwa garin Xintang su sari wandunan jins, ya haɗa su da masu kwantena. Ni kuwa tuwo nake sayarwa a wani ɗaki can saman bene, kuma a kan bencina yake buɗe makarantarsa kullum bayan azahar, alhali babu wanda ya roƙe shi karatu.

Iliminsa guda ɗaya ne, wai muryar tambaya. Shi ba ruwansa da abin da aka faɗa, yadda aka ja muryar yake saurare.

"Hajiya Fasuma," zai ce mini, "in mai shago ya tambaye ki guda nawa kike so, muryarsa ta yi sama, to akwai kayan. In ta yi ƙasa, ɗauki jakarki, 'me yo' ce za ta biyo baya, babu ke nan."

Sau ɗaya tak ya taɓa zama kusa da wani Bagirke a motar Xintang, shi ke nan ya zama shehin malamin Girkanci. Wai su tambayarsu hawa take yi ta sake gangarowa, kamar wanda ya taka dakali ya fasa hawa. Sai ya kama kwaikwayo da loma a baki. Rannan har miyar kuka ya fesa wa wani Alhaji a babbar riga, bai ko tsaya ba da haƙuri ba, ya wuce kan Larabawa.

To wannan gwanin yana da uwa a Kano, tsohuwa, jiki ya ƙi, tunani ma ya fara guduwa. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta nuna tana kewarsa. Kunya ce irin ta mutanen da. Shekaru ya yi bai je gida ba. Duk Juma'a yakan kira, ƙanwarsa A'isha ta kara wa Inna waya a kunne, shi kuma ya buɗe sifika don mu shaida yana zumunci. Bayan gaisuwa, tambaya ɗaya Inna take iya yi masa: "Can ma ana ruwa?"

Da can a gurguje take faɗa, ta miƙa wayar. Amma a shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing, sai ta koma jan maganar a hankali, muryar tana rawa a ƙarshe, sannan ta ƙi sakin wayar. Wallahi duk wanda ke ɗakin ya ji. Isufu, wani Bazabarme da ko uwarsa ba ya kira, sai da ya ajiye cokali.

Shehin malami fa? Rahoton yanayi ya karanta mata. Ana ruwa sosai, Inna, ga zufa, jiya ma har titi ya cika.

Na ce, "Kai Tankari, don Allah! Tsohuwar nan manomiya ce a Sin da za ta damu da ruwanku? Kai take nema."

Ya yi mini murmushin nan nasa mai ban haushi. "Hajiya, ba ki ji muryar ta sauka ba? Wannan tambayar hira ce. Da kira ne, da ta ɗaga murya."

A'isha dai ba ta da kunyar ɗan fari. Ta fito masa a fili ta ce Inna ta fara manta mutane, ba zai zo ba? Nan ma ya auna, ya ce muryar A'isha ta yi sama da yawa, alamar zuzutawa ce irin ta mata. Gaskiyar maganar ita ce a lokacin biza ta yi wuya, wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa, shi kuwa ba ya son wani ya gaje masa baƙi. Ya ce bari a gama wasanni. Aka gama. Ya ce bari a gama baje koli. Aka gama. Sai ga kayan wani Alhaji sun maƙale. Haushinsa ya sa na daina ƙara masa nama.

Sai bayan Babbar Sallah ya tafi. Da ya dawo, ya zauna a bencinsa ya ci tuwo bai buɗe makaranta ba, har na zaci rasuwa aka yi. Na yi masa gaisuwa, ya ce a'a, Inna tana nan da ranta. Tausayinsa ya kama ni, duk da ban so ba.

Ya ce da ya shiga ɗakinta ya durƙusa, ta dube shi sosai, ta sa A'isha ta kawo wa baƙo ruwa. A'isha ta ce, "Inna, daga Sin fa ya zo." Sai fuskarta ta washe, ta matso, ta kama hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana ƙarami. Ta ce, "Bawan Allah, ina da yaro a can. Ka san shi? Yana cin abinci kuwa?"

Na ce, "To me ka ce mata?"

Ya ce, "Na ce mata yana ci."