Huji Biyar a Cikin Baba

Shekarun baya, ina karatu a Samaru, aka gano mahaifina yana da ciwon daji a tumbi. Mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari. Ya daɗe yana ramewa, loma uku ta ƙosar da shi, mu kuwa muna ta cewa olsa ce.

Likitar da ta duba shi ta ce an yi sa'a, abin bai yaɗu ba. Ba za a tsaga cikin ba. Ƙananan huji za a yi, a zura kyamara da siraran kayan aiki, a yanke ɓangaren da ya kamu.

A hanyar gida Baba ya ce, "Kai ɗan jami'a, to ta ina abin da suka yanke zai fito?"

Ni da tarihi nake karantawa, sai na gyara murya na ce, "Narkar da shi ake yi, Baba."

Aka yi aikin. Washegari har an tashe shi ya ɗan taka, muna ta murna, shi kuwa ya yi jugum. Ya ɗaga riga, ya ƙirga filasta biyar, ya sake ƙirgawa. Da likitar ta shigo ya ce, "'Yata, ki gaya mini gaskiya. Kun leƙa kun ga abin ya fi ƙarfinku, shi ne kuka rufe?"

Ashe abin da yake ransa ke nan.

Ta jawo kujera ta zauna. Ta zana masa tumbi a takarda, ta nuna inda aka yanke da inda aka haɗe, da hujin da aka ɗan faɗaɗa aka fitar da naman.

"Ba narkarwa?" in ji Baba.

"Wa ya ce maka haka?"

Na duƙufa ina gyaran zanin gado.

Bayan sati ɗaya muka koma gida. Ya sha wahalar maganin da ya biyo baya, amma yana nan da ransa, yana cin abinci kaɗan-kaɗan sau shida a yini.

Har yau abin yana taɓa ni. Na ɗauka tambayoyinsa son sani ne kawai irin na mai gyara, ban lura tsoro ne ba. Da na ce masa, "Ban sani ba, mu koma mu tambaya," da bai yini yana zaton mutuwa muke ɓoye masa ba.