Kwalayen Kaka da Na Tura Bola

Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, bayan gajeriyar jinya. Ta cika a ɗakinta, a kan gadonta, almakashinta na ƙarƙashin matashin kai, inda ta saba ɓoye shi don kada wani mara kunya ya ɗauka ya yanke farce. Mara kunyar nan kuwa, kowa a gidan ya sani, ni ne.

Kaka, tun da na yi wayo ban taɓa yi miki magana babu tsokana a ciki ba. Yau zan gwada, ga shi kuma ba kya nan balle ki dube ni ki ce, "Kai kuma wa ya mutu ka sha kunu haka?"

Ga wanda bai san ta ba, sana'arta ado ce. Da takarda mai launi, da guntayen ƙyalle, da siririyar waya, take yin furanni da ganyaye da tsuntsaye, a rataya a ɗaki ko a jera a jikin bango. Ba ta yarda ɗaki ya shekara da fuska ɗaya ba. In zafi ya shigo akwai adonsa, in damina ta kawo kai a sauke a rataya kore, in sanyi ya zo a koma ja da ruwan ƙasa. Ɗakinta kuwa sai ka karkace kafin ka wuce. Gwangwanayen madara cike da maɓallai, kwalaben da ta tara duwatsun ado, murafen lemo a buhu, zare a naɗe jikin tsinke, filaya, basilla, reza, ƙananan ƙusoshi a kwalbar magani, ga tukunyar da take dama gam ɗinta na sitaci, don ta ce na kanti ba ya jin magana. Komai kika zo aro za ta ba ki, har ta zaunar da ke ta nuna miki yadda ake riƙewa. Almakashin ne kawai ko ɗiyar cikinta ba ta taɓawa.

Matan layinmu da yawa a gabanta suka koyi naɗe fure. Ba ta taɓa korar kowa ba, sai dai ta yi miki faɗa in kin zubar da guntun da ya rage. Amma aikin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ɗakin yara na asibitin da ke kusa da mu. Ni ne ma sanadi. Ina ƙarami zazzaɓi ya kwantar da ni a can, ita ta yi jinyata. Ta lura duk yaran da ke ɗakin a rigingine suke, babu abin kallo sai farin rufi da fanka. Da aka sallame mu ta koma ta roƙi babbar nas ta bar ta ta yi rataye. Aka nuna mata bango, ta ce a'a, wanda ke kwance ba bango yake gani ba, a ba ta sama. Tun daga nan, duk canjin yanayi sai ta je ta sauke na da, ta raba wa yaran da ke ɗakin, ta rataya sabo. Na damina shi ne tsuntsaye. Su kaɗai ne ba ta yi wa gidajen mutane, ta ce na marasa lafiya ne.

Ni kuwa abin da na saka miki da shi, Kaka, suna ne. Ni na raɗa miki Uwar Tarkace. Kina ce mini mijin banza, angon da bai taɓa kawo cefane ba, ni kuma in ce ai matar da ta cika ɗaki da shara ba ta bar wurin ajiye cefane ba. Na taɓa naɗe tsinkakken silifa a takarda mai ƙyalli, na durƙusa na miƙa miki a gaban baƙi na ce ga tsarabar miji. Kika buɗe, kika juya shi, ba ki ko yi murmushi ba. Washegari na tarar kin yanke robar kin fitar da siffar ganye, kina tsoma ta a fenti kina bugawa a jikin labule. Kika ɗago kika ce, "Ina ɗaya ƙafar? Ko ita ma sai na roƙa?"

Haka muke, kuma na ɗauka sunan tsakaninmu zai tsaya. Sai yaran layi suka ɗauka, daga nan manya. Har ya kai ranar da aka kawo ki za a yi miki salla, wanda zai ja sallar ya waiwayo ya tambaya a hankali, wai mene ne ainihin sunanta. A kusa da ni ya yi tambayar. Na ji kamar ƙasa ta tsage.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Kawu, babban ɗanki, ya ce a gyara ɗakin. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Ɓeraye sun yi yawa, takardu kuma kusa da wayar wuta, ya daɗe yana tsoron gobara. Ya dube ni a gaban mutanen gida ya ce, "Kai ka raɗa mata sunan, kai za ka kwashe." Aka yi dariya, ita ce ta farko a gidan tun rasuwarki. Wallahi daɗi na ji. Na ga kamar an dawo da ni kan aikina. Na aro baro, na shiga ɗakin, na ce bari in fara da abin da babu wanda zai yi musu a kansa. A ƙarƙashin gado na jawo wani buhu cike da tsofaffin kwalaye, yankakku, gefensu ya yi baƙi saboda taɓawa, wasu da ƴan tsaga-tsaga kamar ɓera ya ci. Babu wanda ya yi kama da komai. Na kife su a baro na nufi bola, ina tafe ina ce wa mutane, "Ku ba ni hanya, abin da na gada wajen matata na ɗauko!" Masu shago suna dariya suna cewa Allah Ya ji ƙanta. Washegari da asuba motar shara ta zo ta kwashe.

Da la'asar ɗin wannan rana Matar Direba ta yi sallama. Ita ce maƙwabciyar da ta fi daɗewa a gabanki, ita ke yi miki yanka tun da yatsunki suka fara ciwo. Ta gaisa da Umma, ta ce ta zo ne saboda babbar nas ta aiko, yara na tambayar tsuntsaye, ga hadari ya fara haɗuwa. Ta ce takardun kin riga kin saya, ita za ta ƙarasa, a ba ta iyayen kawai.

Na ce, "Waɗanne iyaye kuma? Ai uwa ɗaya ce a ɗakin, an kai ta."

Umma ta harare ni. Matar Direba ta ce, "Kai dai ba ka girma. Kwalayen da take ɗorawa a kan takarda ta zagaye da fensir. Uwar ganye, uwar fure, uwar tsuntsu. Suna cikin buhu a ƙarƙashin gado."

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Na isa bola na tarar an share wurin tas, sai wata akuya tana lasar ƙasa. Na bi har inda motocin ke juyewa, a bayan gari. Wanda na samu a wurin ya nuna mini tudun shara da ya fi gidanmu tsawo, yana hayaƙi, ya ce in na ga nawa in ɗauka.

Shekaru ina shiga ɗakin nan, Kaka. Na san inda kike ɓoye alewa, na san wane gwangwani zan girgiza ki yi tsaki. Sau nawa kika ɗora kwalayen nan a gabana kina zagayewa, kina cewa in zauna in gani? Ni ina can ina neman abin da zan faɗa a yi dariya. Matar Direba ce ta yi mini bayani, tana kuka: siffar da ke kwance a kwali ba ta kama da abin da za ta zama sai an naɗe, kuma tsagar da na ɗauka cin ɓera ce ita ke nuna inda za a lanƙwasa. Kowace uwa sai da kika yi ta gyara ta shekara da shekaru kafin ta zauna. Ita Matar Direba yanka da naɗi ta iya, ba ta taɓa zana uwa ba, don ba ta taɓa zaton za a rasa ba.

Sauran kayan dai babu abin da ya sake barin gidan sai zuwa ɗakin Matar Direba. Ni na kwashe su a baron nan. Muka zauna muka gwada zana tsuntsu da ka. Na ce mata hannuna bai taɓa rawa a kan allo ba, Malam ma ya shaida. Abin da muka naɗe ya fito kamar kazar da mota ta take. Da kina nan da kin yi mako kina ba da labari.

Hanya ɗaya ta rage. Tun da gam ɗinki na sitaci ne, in aka kara abu a tururin ruwan zafi zai saki, a warware shi a hankali, a shimfiɗa, a zagaye a sabon kwali. Sai dai abin da aka warware ya tafi ke nan, takardar ba ta komawa. Wato sai an rushe aikin hannunki kafin a sami uwarsa.

Na fara bin gidaje. A nan na girbi abin da na daɗe ina shukawa. Gidan farko matar ta leƙo ta ce, "Yau kuma me ka ƙulla? Ko kwana arba'in ba za ka bari tsohuwar ta yi ba?" Ta rufe ƙofa. Na rantse a gida na biyu, mai gidan ya ce rantsuwata ya sha jin ta, har da ranar da na ce masa tayar motarsa ta sace. Waɗanda suka yarda da ni kuma suka ce furen da ke bangonsu shi ne kaɗai abin da ya rage musu naki, ba za su ba da a warware ba. Ban ga laifinsu ba. Sai da Matar Direba ta yafa mayafi ta raka ni, sannan wata tsohuwa ta ba da ganye, wata amarya ta ba da fure ɗaya daga cikin nata. Allah Ya saka musu.

Tsuntsu kuwa babu. Yaran da aka raba wa sun watse, kuma abin takarda a hannun yaro ba ya kwana. Na je asibitin na tsaya daga bakin ƙofa. Adon zafi na nan a sama, ya koɗe. Wata yarinya da aka ɗaura wa ruwa tana kwance tana kallonsa. Ban iya shiga ba.

Duk kwanakin nan Kawu bai ce mini uffan ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ranar Asabar da safe ya aiko a kira ni ɗakinsa, ɗakin da ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Na tarar ya ɗora buta a kan risho, ga sabon kwali da fensir a kan tabarma. Ya hau kujera ya kwanto wani abu daga saman gadonsa. Tsuntsu ne, shuɗi, ya dushe don tsufa. Ashe lokacin da aka yi masa aiki a ciki, da gemunsa da ƴaƴansa, kin je kin rataya masa shi a saman gadon asibiti, kin ce shi ma ai yaron wata ne. Bai taɓa nuna wa kowa ba.

Na ce, "Kawu, in aka warware ba zai koma ba fa."

Ya ce, "Na sani. Kai ka tura baron, amma ni na ce a kwashe. Zauna."

Da hannunsa ya kara shi a tururi. Fiffike ya saki, sannan wuya, sannan jela. Ya shimfiɗa shi a kan kwalin ya danne da tafinsa, ya juya fuskarsa wajen bango. Ya ce, "Ka zagaye a hankali, ɗan nan. Ba ni da wani."

Na zagaye.

Jiya muka rataya sababbin tsuntsayen a ɗakin yara na asibiti, ni a kan tsani, Matar Direba tana miƙo mini. Sun tashi, Kaka, fanka na kaɗa su. Amma duk fiffikensu na hagu ya ɗan fi na dama gajarta, don a daidai nan hannuna ya yi rawa, kuma babu na biyun da za a gwada a gyara. Haka za su ci gaba da fitowa. Uwa uku muka ceto daga cikin buhu guda. Sauran ba za su dawo ba, kuma ba na neman kowa ya ce mini ba komai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu, da Ummata, da sauran ƴaƴanta da jikoki, da Matar Direba da duk matan da suka zauna a tabarmarta, da ma'aikatan ɗakin yara da suka rasa mai leƙo su. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta tausaya wa waɗanda ke kwance ba su da abin kallo, Ka tausaya mata a kwanciyarta, Ka buɗe mata ƙofar Aljanna tana kallo har ranar tashi. Ka saka wa Kawu da abin da ya fi wanda ya bayar. Ni kuma, Ka sa ta yafe mini, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.