Yauƙin da ya mutu a cikin rami

Mu biyu muna rataye da tiyon haƙa, muna ja, ya ƙi ko motsi. Abokin aikina ya saki, ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Kai, ƙasa ta riƙe kayan kawunka."

Safiyar Asabar ce, a wani lambu bayan Karakara. Kawuna ke da kayan haƙar foraj ɗin, wato rijiyar burtsatse: tiyon ƙarfe shida, haƙorin da ke cin ƙasa guda, da injin tura ruwa. Ya tafi Gaya kai matarsa asibiti, ya bar mini aikin, karo na farko. Ni da na bar lakol, wato makaranta, a aji huɗu, na bar kabu-kabu, na bar dako a bakin gada, wannan ne kawai aikin da na wuce wata uku a cikinsa.

Yadda muke yi, ana tona ɗan kududdufi gefen rami, a cika shi da ruwa, a zuba wani farin gari da ake ce wa polimer. Ruwan sai ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Inji ya tura shi cikin tiyo, ya dawo sama da yashi, yauƙin kuma shi ke riƙe bangon rami kada ya rufta. Garin da muka saba da shi, in ka dama, ko sati ya yi yauƙinsa na nan. Shi ya sa ranar Juma'a, da ba mu haƙa, mukan bar tiyo a ciki, mu cika ramin fal, mu yi tafiyarmu.

A wannan karon kawu wani buhu daban ya kawo, garinsa na ƙanshin wake. Ya ce da 'ya'yan wani tsiro aka yi shi. "Wancan roba ce narkakkiya, zama take a ƙasa tana toshe idon ruwa. Wannan ruɓewa yake da kansa." Na ce to. A zatona ruɓewar sai damina, kamar ganye. Akwai rubutun Faransanci a jikin buhun, har da wata lamba da aka zagaye da ja. Na ɗauka nauyinsa ne.

Alhamis da la'asar muka sa tiyo na shida, yashi ya fara fitowa da sanyi. Na cika rami, na tafi Junju kallon kokawa.

Da muka dawo Asabar ɗin wari ne ya tarbe mu, irin na gasarar da ta kwana uku. Na tsoma hannu a kududdufin na ɗaga. Ruwa tsararo, ba zare ko ɗaya.

Tsohon mai lambun ya iso da sandarsa, ya toshe hanci.

"Samari, haƙa kuke ko tsimi?"

"Baba, garin ne ya lalace."

"Jiya na ga yana kumfa. Na ce ko haka sabon yake aiki."

Abokin aikina ya ce, "Haka yake aiki, Baba. An ce mana yana ruɓewa, ga shi bai yi ƙarya ba."

Na zauna kan inji, kaina ya ɗaure. Kawu ya ce kyansa shi ne ya ruɓe. To ya ruɓe. Buhun ne marar kyau, ko kuwa kyan ne ya yi yawa? In na ce an cuci kawu, da wane baki, tunda abin da aka faɗa masa shi ya faru?

Tsohon ya ce masu haƙar zamanin da, kashin shanu suke damawa, shi dai ba a lambunsa ba, don iyalinsa za su sha ruwan. Ya tafi gida ya dawo da ƙwarya cike da garin karkashin matarsa. "Shi ma ruɓewa yake," in ji shi, "amma ba kafin azahar ba. Kada ku gaya wa tsohuwa."

Muka kwashe ruɓaɓɓen ruwan, muka ɗebo sabo, muka juye karkashin da sauran buhun gaba ɗaya. Inji ya yi ta kuka, ba abin da ya dawo. Can sai baƙin ruwa ya ɓullo gefen tiyo. Muka kama muna murɗawa, dama ta ƙi, na ce mu gwada hagu. Sai muka ji sakayau. Har tsohon ya yi hamdala.

Muka zaro ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na huɗun ya fito da gindinsa tsirara. Murɗawar hagun nan kwance shi ta yi daga na biyar. Tiyo biyu da haƙori suna ƙasa, yashi ya rufe su.

Abokin aikina ya ce, "Ni lebura ne. Kai ne ɗan gida, kai za ka faɗa."

Na koma gindin mangwaro, na danna waya na yi wa kawu saƙon murya:

"Salamu alaikum Kawu, ya jikin Inna? Garin nan ya ruɓe yadda ka ce, amma tun tiyo na ciki. Huɗu sun fito. Biyu da haƙori suna ƙasa, ni na ce a murɗa hagu. Ban gudu ba, ina nan lambun. Jar lambar nan ta jikin buhu, don Allah me take nufi? Kuma in tona da hannu ne, ko in jira ka?"