Ranar da Aka Bar Ni da Jaki

A daminar 1956, wata ranar Asabar, gari ya waye mana a ƙauyenmu da ke kusa da Jibiya bayan an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katangar bayan gidanmu ta zube gefe guda, kwaɗi sun cika kududdufi da kuka, Inna tana durƙushe a madafa tana fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi na sa ta hawaye. Ina cikin share tsakar gida Baba ya dawo daga masallaci, ya tsaya ya dubi arewa, ya ce, "Yau Mazuba ta zubo. Ku shirya mu tahi." Na yar da tsintsiya ban ma san inda ta faɗi ba.

Mazuba wani ruwa ne da ke faɗowa daga kan dutse, can bakin iyakarmu da ƙasar Faransi, kamar yadda ake kiran Nijar a lokacin. Samansa akwai wani babban kwarmi da ruwan sama ke taruwa, in ya cika ya tumbatsa sai ya zubo ta wata tsaga a bayan dutsen. Ba kullum take zubowa ba. Sai an yi ruwa mai ƙarfi, kuma ba ta wuce wuni guda ta ɗauke. Wata shekarar ma ko ɗigo ba a gani. Yayana Lawal ya taɓa zuwa, kuma tun daga nan ya hana mu sakat da labarinta, a gida, a makarantar allo, har a bakin rijiya. Ni kuwa tun farkon shuka Baba ya yi min alkawari, ya ce in dai na dage da aiki, duk ranar da ta zubo da ni za a je. Na kuwa dage. Ni ce kai fura gona da hantsi, ni ce tsinkar rama da tafasa, ni ce surfe tare da Inna, sau da yawa ina jin ƙawayena suna gaɗa a dandali ina nan ina wanke tukwane. Duk ban ji ciwo ba, saboda Mazuba.

Muka ɗora wa jaki mangala, aka sa goran fura da ɗanwake a akushi, aka ɗora ƙanena Tanimu a sama yana ta washe baki. Hanyar ba ta da nisa, ko yaro ƙarami zai iya. Muka bi ta tsakanin gonaki, gero ya fi ƙarfin tsawona, ya fara fitar da kai, raɓa na jiƙa min zane. Muka ratsa burtali, muka gaisa da Fulani suna kora shanu, laka tana cin ƙafa har idon sawu. Da muka iso wani ɗan ginshiƙin siminti da ciyawa ta kusa rufewa, Baba ya nuna da sanda ya ce nan ne ƙasar Ingilishi ta ƙare. Babu wanda ya tare mu, babu wanda ya tambaye mu inda za mu. Tun daga nan na fara jiyo wani gunji daga nesa, na ƙara sauri.

A gindin dutsen gonar wani dattijo ce, geronsa ya yi kyau har bakin duwatsu, shi kuma yana zaune a kan wani falalen dutse yana kallon masu wucewa. Daga nan jaki ba ya iya hawa. Baba ya sauke Tanimu, ya miƙa hannu ya ce, "Lawal, kawo dabaibayi." Igiyar nan da ake ɗaure wa jaki ƙafafun gaba don kada ya yi nisa, ita kaɗai aka ce Lawal ya ɗauko. Ya laluba aljihu, ya duba mangala, ya sosa ƙeya. Ya bar ta rataye a jikin rumbu. Kowa ya san da damina ba a sakin dabba, balle a gonar da ba ta ƙasarku ba. Baba ya ce in jakin nan ya yi ɓarna a nan, kama shi za a yi, magana ta kai har Maraɗi, wa ya san ranar dawowarsa. Wurin kuma babu itacen ɗauri, sai 'yan sabara da ko akuya za ta tuge.

"Ke Hajara, zo ki riƙe shi."

"Baba, ai ba ni na mance ba."

"Na sani, ɗiyata. Amma wanga in na bar mai jaki, kahin mu kai sama ya sake shi ya bi ƙadangare. Ke kin hi shi hankali. Da mun gani zan sabko in karɓe ki."

Har yau in na tuna maganar nan raina sai ya ɓaci. Wanda ya yi sakaci an tafi da shi saboda ba a yarda da shi ba, ni da aka yarda da ni an saka min da jaki. Na ce to a zare tazugen wandon Lawal a ɗaure shi da shi, tunda shi ya jawo. Dattijon nan ya yi dariya har da tari, Baba ya harare ni. Ɗankwalina aka kwance aka zarga wa jakin a wuya, aka danƙa min bakin ɗankwalin, suka hau. Lawal ya waiwayo ya yi min gwalo.

Na tsaya kai ba ɗankwali, rana ta fito ta fara dukana. Jakin nan kuwa bai taɓa ganin gero mai kyau irin wannan ba, ya ja ni, na ja shi, ya taka min ƙafa, tafin hannuna ya yi ja. Ruwan yana bayan dutse, ba na ganin ko ƙyallinsa, amma ƙararsa ta cika min kunne, kuma in iska ta juyo sai in ji ɗan sanyi-sanyi a fuska. Ina jiyo ihun yara, har ina iya ware muryar Lawal a ciki. Mutane suka yi ta wuce ni, wasu daga namu ɓangaren, wasu daga wajen Maraɗi, suna saukowa tufafi sharkaf. Wata mata ta dube ni ta ce, "Kai, wagga ɗiya akwai hankali." Ji na yi kamar in jefe ta da hoge. Ba sau ɗaya ba na yi niyyar sakin ɗankwalin in ruga, sai in ga idon dattijon a kaina, in tuna jakin nan shi ke kai mana hatsi kasuwa, in ƙara damƙewa ina kuka.

Ashe can sama Baba ya haɗu da abokan cinikinsa na ƙetare, aka baje hira, aka yi azahar, aka koma hira. Sai da hadari ya haɗo daga gabas suka sauko da sauri, Tanimu a kafaɗa, idanun Lawal jajur don wanka. Na ce saura ni. Baba ya dubi sama ya ce dutse jiƙaƙƙe ba a hawansa da hadari, kuma ai ta ma fara ɗaukewa. "Baɗi in Allah ya kai mu," in ji shi. Har muka kai gida ɗanwaken ma ban ci ba. Baɗi ta zo Mazuba ba ta zubo ba. Shekarar da ta biyo aka kai ni Katsina wurin gwaggona don makaranta, daga nan rayuwa ta yi gaba da ni.

Bara na je Jibiya bikin suna a gidan Lawal. Ya tsufa, haƙora sun zube, amma bakin yana nan. Na same shi ya tara jikoki yana ba su labarin Mazuba, da ya gan ni ya ce, "Ga shaida ta zo. Hajara, kin tuna yadda kinka yi ta kuwwa da ruwan ya taɓa ki?" Na ce ni ina ƙasa riƙe da jaki. Ya dube ni da gaskiyarsa ya ce, "Wane jaki? Ai da ƙahwa munka tahi." Baba ya rasu, Inna ta rasu, Tanimu bai da wayo a lokacin. Jikoki suka yi ta dariya, wai Kaka ta fara ruɗewa.

Washegari na sa aka kai ni wurin. Hanyar da muka bi cikin gero yanzu babura ne da manyan motoci, ga shingaye, kowa sai an tambaye shi inda za shi. Masu fasa dutse sun cinye rabin dutsen, sun fasa kwarmin da ruwa ke taruwa, an ce an daɗe rabon da ta zubo. Na tsaya a gindinsa na daɗe, babu abin riƙewa a hannuna, babu kuma abin da zan hau in gani. Ƙararta kaɗai na sani, ita ma ba ni da mai shaida min.