Takardar Mai Ruƙiyya a Motar Baure

A shekarun da aka fara shari'a, motocin da ke tashi daga Baure zuwa Daura a kujerar baya suke zaunar da mata. Nan nake zama duk Asabar, da kwanon abinci a cinya, in tafi duba innata da ke kwance a asibiti. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likita ya ce ƙoda ce, kuma abin da za su iya yi mata kaɗan ne.

Wata Asabar muna jiran mota ta cika, sai wani mutum mai farar jallabiya ya zagayo yana miƙo takardu ta taga. Kowa ya karɓa, har wanda bai iya karatu ba, saboda akwai bisimilla a samanta. Tallar wani malamin ruƙiyya ce. Wai yana maganin sammu da shafar aljanu da farfaɗiya da rashin haihuwa da ciwon ƙoda, da yardar Allah.

Da muka ɗauki hanya, direba ya ce ya san malamin tun yana bugun ƙasa, yanzu ne ya tsayar da gemu. Wani a gaba ya ce masa ya ji tsoron Allah, ayar Allah waraka ce. Suka yi ta musu har Zango.

Tsohuwar da ke gefena ta dafa gwiwata, ta tambaya ko na yi boko. Na ce ina koyarwa a firamare. Ta miƙo mini tata takardar, na karanta mata. Ta ce in maimaita a hankali, na maimaita. Sannan ta ba ni labarin ɗanta, magidanci mai 'ya'ya, wanda wata rana da damina ya ajiye fartanya a gona ya dawo gida, tun daga nan bai sake magana ba. Bango kawai yake kallo. An kai shi asibiti, an sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Ita ke ba shi abinci a baki.

"'Yar nan, ke da kika yi karatu, in kai shi?"

Na so in ce kar ta wahalar da shi. Amma tun daga tasha babban yatsana na kan wurin da aka rubuta ciwon ƙoda, na kasa ɗagawa.

"Iya, Allah ne mai warkarwa," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Ta san ban ba ta amsa ba, amma ta yi mini godiya, ta ƙulle takardar a bakin zanenta. A tashar Daura muka rabu, ban sake ganinta ba.

A asibiti na nuna wa Inna tawa takardar, na ce ko mu gwada. Ta ce ta gaji da shaye-shayen magani, in dai zauna in matsa mata ƙafa. Na zauna a bakin gadon ina matsawa. Duk inda na danna sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai dawo ba. Abincin da na kawo ko loma ba ta iya ci ba. Kafin a yanke gero a shekarar Allah ya yi mata rasuwa.